Yadda Za Ka Kori Mijin Yayarka Daga Wasa Da Alƙaluma Kaɗai

Idan mutum dubu goma suka ɗauki garkuwa a wasa aka yi ta lallasa su, garkuwar ce ba ta da ƙarfi, ko kuwa irin mutanen da zuciyarsu ke kai su ga garkuwa ne ba a yi su don nasara ba? Kusan mako uku ke nan ina juya tambayar nan a kan teburin da nake gyaran waya, ban samo amsa ba. Kai kada ta dame ka. Ba dole ba ne mutum ya san amsar tambaya kafin ya cuci wani da ita.

Ga alkawarin da na yi maka. Idan ka bi matakan nan daki-daki, cikin mako biyu za ka fitar da duk wanda ka ga dama daga ƙungiyarku ta wasa, ba zagi, ba ɗaga murya, har ya yi maka godiya a hanyarsa ta fita. Na gwada a kan mijin yayata, kuma ya yi aiki ɗari bisa ɗari.

Don wanda bai san wasan ba: a waya ake yin sa, ta intanet. Mutum huɗu ne ke karawa da wasu huɗu da ba su taɓa gani ba, waɗanda suka rushe hasumiyar abokan karawarsu su ne suka ci. Kowa yana zaɓar rukunin jarumin da zai riƙe. Akwai maharbi mai harbi daga nesa, akwai mai takobi, da mai magani, da matsafi. Sai mai garkuwa, wanda aikinsa shi ne ya tsaya a gaba a doke shi. A ƙungiyarmu ni ne maharbi. Direba, mai jan motar makaranta, shi ke da takobi. Nas ita ke da magani, a asibiti da a wasa. Garkuwa kuwa tana hannun Tela, mijin yayata, wanda ya koya wa dukanmu wasan. Kullum ƙarfe biyar na yamma muke haɗuwa a kan bencin da ke ƙofar shagona.

Mataki na ɗaya: Ka tabbatar wa kanka ba kai ba ne

An sanar da gasa, ana son sunayen mutum huɗu kafin mako biyu. Ku kuma a wasa goma da kuka yi na ƙarshe, an ci ku shida. Dole wani ne sanadi. Ka je gaban madubi, ka gyara kwalar rigarka, ka cire mutumin da ka gani daga jerin waɗanda ake zargi.

Saura uku. Direba yana da zuciya, kuma hannunsa ya kai girman murfin tukunya, ka bar shi. Nas ita ke zuwa gida tana yi wa mahaifiyarku allura, ka bar ta. Wa ya rage? Wanda ba ya fushi. A duk wani bincike na ilimi, mai haƙuri ya fi daɗin aunawa, domin ba ya motsi.

Ka tanadi wanda zai maye gurbinsa tun yanzu. Mu muna da wani mai sayar da turare a ƙarshen layinmu, ana ce masa Walƙiya, matsafi yake riƙewa, kuma ya daɗe yana leƙen bencinmu.

Mataki na biyu: Kada ka ambaci mutum, ka ambaci rukuni

Idan ka ce Tela bai iya ba, ka yi rashin kunya, kuma labari zai kai gidan yayarka kafin ka rufe shago. Amma idan ka ce rukunin masu garkuwa ya yi rauni a wannan zangon, ka zama mai nazari. Mutum yana da dangi. Rukuni ba shi da kowa.

Ka riƙa faɗin haka da ɗan baƙin ciki a muryarka, kamar likitan da ya ga sakamakon gwaji. Ni na kan ce, "Abin tausayi, masu wasan nan sun kashe garkuwa." Sai in girgiza kai in ci gaba da kwance waya. Kwana uku na yi ina wannan, har Direba ya fara maimaitawa a matsayin ra'ayinsa.

Mataki na uku: Zaɓi lambar da ke son ka

Akwai shafi a intanet da ke tara alƙaluman duk masu wasan a duniya. Ban yi karatu mai nisa ba, amma na koya wa kaina karanta shi, kamar yadda na koya wa kaina gyaran waya, ta hanyar ɓata na mutane. A can za ka ga kowane rukuni da yawan nasararsa. Matsafi yana cin hamsin da uku cikin ɗari. Maharbi hamsin da ɗaya. Mai garkuwa arba'in da shida.

Ka tsaya nan. Ka rubuta arba'in da shida ka ja layi biyu a ƙarƙashinta.

A saman shafin akwai wani ɗan maɓalli da ke raba masu wasa gida-gida, sababbin shiga daban, ƙwararru daban. Kada ka taɓa shi. Ni na taɓa, kuma ban ji daɗin abincina ba ranar. Ashe garkuwa ita ce wasan yake ba duk wanda ya shigo yau kyauta, don haka duk wanda bai san dama da hagu ba da ita yake mutuwa, kuma duk mutuwar a kanta ake rubutawa. Da na ware ƙwararru kaɗai, sai na ga garkuwa tana cin hamsin da biyar. Ta fi matsafi. Ta fi ni.

Na daɗe ina kallon lambobin nan biyu. Duka gaskiya ne, ba wadda wani ya ƙirƙira. To idan mutum yana da gaskiya biyu a aljihu ya fito da ɗaya, ƙarya ya yi? Na yi wa kaina wannan shari'a ina liƙa gilashin wata waya, kuma da yake ni ne alƙali, na sallami kaina. Kai ma haka za ka yi. Ka mayar da maɓallin yadda ka same shi.

Mataki na huɗu: Kada ka taɓa abin da kake aunawa

Wanda kake shirin kora zai iya jin ƙishin-ƙishin, ya zo maka da tayin da ya yi kama da adalci. Tela ya zo da nasa ranar Laraba, tef ɗin awo a rataye a wuyansa.

"Farfesa," haka yake kira na tun ina ƙarami, "na ji an ce garkuwa ta mutu. Allah ya jiƙanta. To mu yi musaya mana, wasa ɗaya tak. Ka riƙe ta, ni in riƙe bakan nan naka. Ka ji yadda gawar take da nauyi."

Nas ta yi dariya ta ce, "Wallahi a yi. Ina son in ga Farfesa a gaba ko sau ɗaya. Ƙeyarsa ma ban taɓa gani a wasa ba, kullum yana bayana."

Na ce, "Babban yaya, ai mai bincike ba ya shiga cikin abin da yake bincike. Ni da garkuwa har abada."

"Har abada?"

"Har abada."

Ya ce to, ya zauna, muka yi wasanmu. Ka lura da yadda na tsira. Da na karɓa, da na san wani abu, kuma sani yana ɓata bincike.

Mataki na biyar: Ka buga a takarda, amma ka karanta kafin ka buga

Magana a baki gardama ce, amma da zarar ta hau takarda mai layi-layi ta zama hujja. Wasan yana ajiye alƙaluman kowane ɗan ƙungiya, don haka na kwashi namu na wasa arba'in na kai wa maƙwabcina mai buga takardu, ya buga mini kwafi huɗu ya rufe shago ya tafi.

Takardar ta yi kyau. Yawan waɗanda kowa ya kashe: ni ne a sama, Tela a ƙasa. Yawan mutuwa: Tela a sama, ni a ƙasa. Sai da na dawo teburina na kunna fitila na ga akwai wani layi a tsaye can gefen dama, wanda ban taɓa kula da shi a waya ba saboda sai an ja fuskar wayar gefe yake fitowa. An rubuta a kansa: dukan da aka tare wa wani. A gaban sunan Tela akwai lamba mai tsawo kamar lambar waya. A ƙarƙashinta, da ƙananan haruffa, an nuna wanda aka fi tare wa. Sunana ne. Kashi bakwai cikin goma na dukan da mutumin nan ya sha, ni aka nufa da shi.

Taro gobe ne, mai bugawa ya tafi. A nan ne ake gane ƙwararre. Na ɗauko ɗan almakashin da nake yanka leda da shi, na bi gefen dama na takardun huɗu na yanke. Tsiri huɗu suka faɗo. Na zubar da uku. Na huɗun na jefa cikin durowar da nake tara matattun batura, ban san dalili ba.

Mataki na shida: Ka kira taro, ka bar takarda ta yi magana

Ka raba wa kowa kwafinsa. Ka fara da yabo. Ka ce ba don Tela ba da babu ƙungiyar nan, kuma matsalar ba tasa ba ce, ta rukuni ce. Ka karanto arba'in da shida. Ka bar musu sauran.

Direba ya juya takardar sama da ƙasa ya ce, "Ni dai ban iya lissafi ba, amma arba'in da shida ko a jarrabawa faɗuwa ce."

Nas ta ce, "To ya canja rukuni mana."

Na ce, "Saura kwana biyar. Yatsun da suka saba da garkuwa shekara uku ba za su koyi tsafi a kwana biyar ba."

Tela ya ɗauki kwafinsa. Ya sa tabarau, ya karanta tun daga sama har ƙasa. Daga nan ya ɗaga takardar ya kalli gefenta ta hasken rana, ya bi bakin da babban yatsansa. Sai ya zare tef ɗin wuyansa ya auna faɗinta. A nan ne na tuna da abin da ya kamata in tuna tun jiya: shekara talatin mutumin nan yana yanka, kuma daga nesa yake gane yankan da ba na gwani ba.

Ya ce, "Farfesa, takardar nan ta rage inci ɗaya da rabi."

Na ce, "Haka injin yake fitar da ita."

"Allah sarki. A kai injin a wasa masa almakashi, yana cin gefe." Ya ninke takardar gida huɗu ya sa a aljihu. "Ni aikina awo ne. Ban taɓa auna mutum dubu goma na ɗinka riga ɗaya na ce kowa ya sa ba. Amma ku ne masu ilimi. Ku sa Walƙiya, Allah ya ba da sa'a. Na gode da aka yi mini bayani a rubuce."

Ka gani? Na ce maka har godiya zai yi.

Mataki na bakwai: Ka rage zuwa gidan yayarka

Wannan matakin ban bi shi ba, shi ya sa nake ja maka kunne. Na je ranar Asabar kai mata wayarta da na gyara. Ta karɓa, ba ta ce in zauna ba.

"Ka san ƙarfe biyar yanzu me yake yi?" in ji ta. "Guga. Kayan da ya riga ya goge yake sake gogewa."

Na ce, "Yaya, ba ni ba ne, alƙaluma ne."

"Alƙaluma ne suka goya ka? Mutumin nan shekara goma sha biyu yana tsaron raga a ƙwallo, har gwiwa ta hana shi. Kullum ya dawo gida sai ya ce mini, ba mai ƙirga ƙwallon da ya kama, wadda ta wuce kawai ake ƙirgawa. Da ya samu wasan nan naku na ce to, ga sa'a ɗaya a rana da yake ihu kamar mai rai. Shi bai gaya mini abin da ka yi ba, kuma ba zai gaya mini ba. Amma ni na yi maka wanka, na san fuskarka idan ka ɓoye abu a bayanka."

Ka ce kana sauri, akwai mai jiran waya a shago.

Mataki na takwas: Ka shiga gasar

Mun shiga da matsafi, maharbi, takobi da magani. A takarda babu ƙungiyar da ta kai mu, domin na tara yawan nasarar rukunanmu huɗu na raba, ya ba ni hamsin da biyu.

A wasan farko na mutu cikin daƙiƙa arba'in. Ban ma ja baka ba. Na saba in tsaya a wani lungu in yi ta harbi hankali kwance, ina zaton lungun ne mai kyau. Ashe lungun mutum ne. Walƙiya ya waiwayo yana neman wanda zai ɓuya a bayansa, ya tarar ni ma shi nake nema. Nas tana ihu, "Ku tsaya wuri ɗaya mana! Wa zan fara yi wa magani, duk kun zama gawa!" Direba ya ruga gaba shi kaɗai, suka taru a kansa su huɗu.

Wasa uku, an ci mu uku. Ƙa'idar gasar ta ba waɗanda aka fitar dama ɗaya ta ƙarshe bayan mako guda, kuma an yarda a canja mutum ɗaya.

Mataki na tara: Idan aka juyo da awon kanka

Dabarar nan tana da aibi ɗaya, tana da sauƙin koya. Ranar Litinin Direba ya zo benci da takarda a hannu, Nas na biye da shi. Shi da ya ce bai iya lissafi ba.

Ya ce, "Farfesa, ba kai ba ne fa, kada ka ɗauka da zafi. Rukuni ne. Maharbi ya mutu sau goma sha tara a wasa uku."

Nas ta ce, "Abin tausayi, masu wasan nan sun kashe baka." Har girgiza kan ta yi irin nawa.

Na karɓi takardar na duba gefenta. Cikakkiya ce, ba wanda ya yanke komai. Shi ne abin da ya fi ba ni haushi.

Mataki na goma: Ka buɗe durowar batura

Tsirin yana nan, ya ɗan yi baƙi a gefe. Na sa shi a aljihu na rufe shago ƙarfe huɗu da rabi, na taka zuwa shagon Tela da ke jikin gidansu. Na same shi yana kalmasa ƙafar wando, allura biyu a bakinsa. Na ajiye tsirin a kan keken ɗinkin.

Ya gama kalmasarsa tukuna. Ya cire alluran, ya sa tabarau, ya karanta. Sai ya sa hannu a aljihu ya fito da takardar nan mai ninki huɗu, ashe tana tare da shi. Ya shimfiɗa ta, ya jera tsirin a gefenta, karkataccen yankan ya hau daidai. Ya sa su ƙarƙashin allurar keke, ya taka. Da jan zare ya ɗinke su, tun daga sama har ƙasa, ya yanke zaren da haƙori, ya soke takardar a ƙusar da yake rataye awon mutane.

"Yanzu ta cika faɗinta," in ji shi.

Na ce, "Babban yaya, ka dawo. Walƙiya ya ce shi turarensa ya fi masa."

"Bakwai cikin goma," ya ce yana kallon ƙusar. "Ni da na ɗauka rabi ne. Ashe kana da maƙiya haka?"

"Ka yi haƙuri."

"Haƙuri ai shi ne rukunina. Zan dawo. Amma gwiwar nan ta gaji da tsayuwa a gaba, ko a waya. Baka nake so."

"To wa zai riƙe garkuwa?"

Ya kalle ni ta saman tabarau.

Na ce, "Saura kwana biyar fa. Yatsun da suka saba da baka..."

"Na taɓa jin wannan karatun. Zauna, Farfesa, ka ɗage wandon mutane kada ka murɗe shi. Har abada ɗin nan taka, ƙarfe nawa take ƙarewa?"

Agogon bangonsa ya nuna biyar saura minti uku.

Sanarwa

Mai wannan rubutu ba shi da alhakin duk abin da ya biyo bayan bin matakan nan, ko rasa gasa ne, ko rasa kujera a gidan yaya, ko ganin sunanka da ƙananan haruffa a inda ba ka so. Alƙaluman da aka kawo duka gaskiya ne, har waɗanda aka yanke. Tambayar da na fara da ita har yanzu ban san amsarta ba, kuma wanda ya ce ya sani a duba gefen takardarsa. Duk mai ƙorafi ya same ni a shagon Tela, amma ya jira a gama wasa, domin Direba da Nas sun riga sun shigo wasan ta wayoyinsu, Tela yana ta jan baka yana harbin bango yana dariya har yayata ta leƙo ta taga, ni kuma wasan yana tambayata rukunin da zan riƙe.

Na danna garkuwa.

"Gaba, Farfesa," in ji Tela. "A'a, ba nan ba. Gabana."